Wai 2 da L ɗin nan na ƙasan D meye aikinsu, kuma saka firi a gangara yana rage shan mai?

AbbanDorayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana mota a taimaka min. Na ɗauki Corolla 2007 Beljiyam, atomatik, ni kuma duk tuƙin da na iya a manuwal na koye shi. P da R da N da D dai na gane su, amma ƙasan D akwai 2 da L, sannan a gefen sandar giyar akwai wani ɗan botin in na danna sai wuta ta kawo a dashbod an rubuta O/D OFF. Dilan da ya sayar min cewa yayi Alhaji kai dai ka barta a D ka manta da sauran. To in haka ne me yasa aka saka su? Na biyu kuma yayana yace in ina gangara ko na hango danja daga nesa in dinga jefa ta firi wato N, wai mai yana raguwa, shi haka yake yi a Golf ɗinsa tun da daɗewa. Da tsadar man nan kowa dabara yake nema amma bana so garin tattalin lita ɗaya in kashe giyabos.

Ummu_Hanan:
Wa alaikumussalam, Allah ya sanya alheri ya tsare. Nima bari in zauna a nan in ji amsa, don ni D da R kawai na sani sai P in na iso gida 😂

Bakanike_Panteka:
Allah ya sa rai aka yiwa ƙanena. Motarka giya huɗu ce da ita na gaba. In ka saka D ka ba ta izini ta yi amfani da duka huɗun, ita za ta zaɓa da kanta. In ka danna botin ɗin nan wutar O/D OFF ta kama ka hana ta shiga lamba huɗu, a uku za ta tsaya. In ka ja zuwa 2 ba za ta wuce lamba biyu ba. L kuma lamba ɗaya ce zalla. To ka ga duk iyaka ce kake saka mata, kana ce mata kar ki wuce nan. Tafiyar yau da kullum D ce kuma wutar nan a KASHE ya kamata ta kasance, wannan wajen ne mutane suke juyawa, wani gani yake in wutar ta kama shine ya kunna wani abu mai kyau. An sha kawo mana mota ana cewa tana shan mai tana ihu a babban titi, kana leƙawa ka ga wutar a kunne, yaro ne ya danna ko gwiwar mai motar ta taɓa, ka kashe ka ce a je a gwada shikenan magana ta ƙare.

EOD_Zariya:
Gwada da kanka ma Abba. Ka hau titin Zariya ka kai 100 ka kalli allurar inji, sai ka danna botin ɗin, za ka ga ta yi tsalle sama kusan dubu ɗaya ƙarar ma ta canza. Wannan ƙarin duk fetur ne.

DirebanJos:
Dilan nan da yace a manta da sauran a Kano yake tuƙi inda ƙasa take a shimfiɗe shi yasa. Ya zo ya sauka Hawan Kibo da mota cike da mutane da kaya a but sannan ya maimaita maganar. Mu da muke bin hanyar Jos zuwa Akwanga mun san amfanin 2. Kafin ka fara gangarowa kake rage gudu, ka danna O/D OFF, in gangarar ta yi tsanani ka dawo 2, injin da kansa zai riƙe motar kai kuma kana ɗan taɓa birki kana saki. Wanda ya bar ta a D ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama kafin ya kai ƙasa za ka ji warin birki na tashi, wani har hayaƙi a taya, ya taka ya ji fedal ɗin ya tafi ƙasa ba komai. Balle kuma firi. Wlh duk wanda ya saka min firi a wajen nan ina cikin mota sauka zan yi.

Baffa_406:
Ni dai ban yarda da ku ba akan firi, yaran zamani kun fiya tsoro. Tun muna tuƙa 504 muke sakin mota a gangara kuma muna ganin bambanci a tanki. Mota tana sulo da mota tana ihu ace shan mansu ɗaya? Hankali ma ba zai ɗauka ba.

Malam_Fizis:
Baffa Allah ya ƙara girma, a zamanin 504 maganarka dutse ce, saboda kafireto ce, ita kuwa muddin inji na juyawa iska na wucewa sai ta zuƙo mai. Amma Corollar Abba injekta ce, birenbos, wato kwamfutar motar, shi ne yake ba da mai. In mota na cikin giya tana gudu ka ɗaga ƙafa daga totur gaba ɗaya, tayoyi ne suke juya injin, to birenbos sai ya datse man kwata-kwata har sai allura ta sauko kusa da sulo sannan ya dawo da shi. Ihun da kake ji a 2 a gangara ba na cin mai bane, juya shi ake yi. A firi kuma ba abinda ke juya injin, dole a ci gaba da ba shi mai don kar ya mutu. Kenan a gangara mai tsawo wanda ya bar ta a giya yana iya sauka bai ƙona komai ba, mai firi kuma yana ƙona na sulo.

Baffa_406:
To Malam in haka ne me yasa in na saka firi motar take yin nisa fiye da in na barta a giya? Nisan nan ba riba bace?

Malam_Fizis:
Riba ce Baffa, ban musa ba. A shimfiɗaɗɗen titi ko 'yar gangara mara ƙarfi firi tana barin mota ta yi nisa don ba injin da ke riƙe ta. Amma inda dama birki za ka taka, kamar danja ko doguwar gangara, nisan bai amfane ka da komai ba tunda a birki za ka zubar da shi. Kuma abinda ƙaramin inji ke sha a sulo a awa guda cur bai cika wuce lita ɗaya ba in ba AC, kai kuma sakan ashirin ko talatin kake magana. Lissafa ka gani ko cokali nawa ne.

Bagobiri77:
Tun da anka cire tallahi a 2023 kowa ya koma malamin lissahi 😂 cokalin ma muna so Malam, a bamu abinmu.

RewayaKofarRuwa:
Ni abinda nafi jiye wa masu firi ba man bane, hannu ne. Kana gudu kana tura sanda daga D zuwa N, gaba kaɗan R ce. Kamfani sun yi dabara, a irin motar Abba D zuwa N tana tafiya ba sai ka matsa babban botin ɗin sandar ba, amma ba za ta wuce zuwa R ba sai ka matsa shi. To matsalar yawancin mutane sun saba duk sanda suka kama sandar sai babban yatsa ya matsa botin, kaga kariyar ta tashi a banza. Don haka ko a tsaye kake in za ka je N daga D tura ta kawai kar ka matsa komai.

Hajjaju_Gwarinpa:
Tambaya ta a nan, holdof fa? Ni kullum sai na bi Nyanya da Mararaba da yamma wajen aiki ne ya kaini, wani lokacin sai ka yi minti goma ba ka matsa ba. Direban ofis ɗinmu yace barin ta a D ina take da birki yana cinye giya, maigidana kuma yace yawan D N D N ɗin ne yake cinye ta. Na rasa na wa zan ɗauka.

Bakanike_Panteka:
Hajiya kowannensu ya ɗauko rabi. Tsakanin inji da giyabos na atomatik ba kuloch irin na manuwal, wani abu ne muke cewa kwanbata, cike yake da man giya. Ki ɗauka fanka biyu ne suna kallon juna, an kunna ɗaya iskarta na juya ɗayar, sai dai a nan mai ne a madadin iska. Shi yasa za ki tsaya a D inji bai mutu ba, ɗayar ce kika riƙe da birki man yana ta zagayawa. Wannan ba ya cinye komai, zafi kawai yake ɗan tarawa. Tsayuwar danja ta minti ɗaya ko biyu bar ta a D. In kin ga holdof ɗin na zama ne, masu gala da fiya wata sun fara zagaye, ki saka N ki ja hambirki ki huta da ƙafarki. Abinda bana so shine N ba hambirki ba birki, mota sai ta silale ta je ta sumbaci ta gaba kina duba waya.

Hajjaju_Gwarinpa:
Na gode Oga. P fa a holdof ɗin?

Bakanike_Panteka:
In kowa ya kashe mota an fito ana miƙe ƙafa saka P. Amma ana ɗan matsawa ana tsayawa kar ki saka, duk zuwa da dawowa sai kin ratsa ta R, wutar ribas ɗinki na haskawa na bayanki yana tsorata, ranar da aka yi miki hon kika yi sauri kuma sai ki tsaya a R ɗin ki ba ta wuta.

EOD_Zariya:
Oga Panteka akwai gyara kaɗan a bayaninka na farko, ba duk mota bace 2 take nufin ɗaya zuwa biyu. A Honda irin tawa jerin shine P R N D D3 2 1, kuma in ka saka 2 a lamba biyu take tashi tun daga tsaye, ba ta taɓa ɗaya ko kaɗan. An yi haka ne don santsi, taya ba ta saurin wulwulawa. Tsohuwar Honda Accord da ake cewa Baby Boy kuma da yake giya huɗu ce D4 D3 2 1 za ka gani. D3 ɗinmu shine kusan O/D OFF ɗinku.

Bakanike_Panteka:
Haka ne, ni akan Toyota ɗinsa nake magana. Ita Toyota a 2 daga ɗaya take tashi ta shiga biyu ta tsaya. Wasu manyansu an basu botin daban na tashi a biyu, a Land Cruiser za ka ga 2nd START, a Lexus RX300 ECT SNOW.

Baffa_406:
406 ma akwai shi, botin mai hoton ƙanƙara kusa da S. Tsohuwar Marsandi kuma W da S, W ɗin a biyu take tashi. Mu da bamu da ƙanƙara sai dai taɓon damina.

DanMaradi:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu rairai ne matsala ba tudu ba. Abinda nike son in ƙara, a Hilux da Land Cruiser masu bwat, wato giyabos, atomatik kar mutum ya haɗa L ta sandar giya da L4 ta ƙaramar sanda ko abin murɗawa, ba ɗaya ba ne. L4 tana rage ma dukkan giyoyin gudu ta ƙara ƙarhi, kuma sai ka tsaya cik ka sa N kahin ta shiga, in ba haka ba ƙara za ka ji ko wuta ta yi ta ƙibtawa. A rairai in ka bar ta D tana canza giya tsakiyar wuri sai ƙarhin ya yanke ka nutse, shi ya sa muke riƙe ta 2 mu rage iskan taya. In ta kahe kuma kar a yi ta D R D R da totur a ƙasa, man bwat ɗin zahi yake har ka ji warin ƙuna.

Ummu_Hanan:
Ni fa kun tafi da nisa. Tambayata ƙarama ce, gidanmu ƙofar garejin a ɗan tudu take, duk safiya in zan cire ta daga P sai ta yi tauri sai na ja da ƙarfi ta yi wani GAM kamar abu ya karye. Lafiya kuwa?

Bakanike_Panteka:
Anti kina jan hambirki kuwa?

Ummu_Hanan:
Sienna ce ai bata da hambirki

RewayaKofarRuwa:
Tana da shi Hajiya, na ƙafa ne, duba can gefen hagu ƙasa kusa da ƙofa akwai ƙaramin fedal 😄

Bakanike_Panteka:
To ga inda GAM ɗin yake. P ba birki bace. A cikin giyabos akwai wani faifai mai haƙora, in kin saka P wata 'yar sakatar ƙarfe da bata fi yatsa ba take faɗawa tsakanin haƙoran ta kulle. In kin tsaya a tudu kin saka P kin saki birki za ki ji motar ta ɗan yi baya ta tsaya, to nauyin Sienna gaba ɗaya ya hau kan sakatar nan kenan, da safe kuma da ƙarfi kike fizgo ta daga ƙarƙashin nauyin. Yadda za ki yi: ki tsaya, ƙafa na kan birki ki saka N, ki taka hambirkin sosai, ki saki birkin ƙafa a hankali motar ta zauna akan hambirki, sannan ki sake taka birki ki kai P. In za ki fita kuma ki taka birki, ki saka giya tukun, hambirki ne na ƙarshen saki. Gwada yau da daddare gobe ki bamu labari. In kin taka hambirkin motar ta ci gaba da silalewa to wayarsa ta saki ko ta ci tsatsa, Beljiyam da yawa haka suke zuwa don can ma ba ja suke ba.

DirebanJos:
Kuma masu canza taya su ji wannan. Motar da gaba ke ja P tayoyin gaba kawai ta riƙe, na baya sake suke. Kana ɗaga tayar gaba ɗaya da jak riƙon ya tashi, motar na iya gangarawa ta faɗo daga jak ɗin. Hambirki da dutse a bayan taya dole ne.

Malam_Fizis:
Abin sha'awa ma atomatik na farko da aka fara sayarwa da yawa, Hydra-Matic na kamfanin General Motors a Oldsmobile ta 1940, babu P a jikinta sam. N ce, sai D, sai L, sai R a can ƙarshe, in za ka yi fakin kashe mota kake ka saka ta R. Kaga L da R maƙwabta ne, mutum na neman ƙaramar giya sai ya zarce ribas. Daga 1968 dokar Amurka ta wajabta N ta kasance tsakanin giyar gaba da ta baya, jerin da muke gani yau kenan.

Bagobiri77:
Malam kai ko maganar kunu aka kawo sai ka kai mu 1940

AbbanDorayi:
Gaskiya na ƙaru Allah ya saka da alheri. Na nuna wa yayana bayanin Malam_Fizis yace shi dai har yanzu bai gamsu ba, wai in firi bata da amfani a atomatik me yasa aka saka N ɗin tun farko?

RewayaKofarRuwa:
Ka ce masa amfaninta da yawa. Mota bata tashi sai a P ko N, akwai suwic a jikin giyabos da yake hana kik aiki a sauran. Ranar da ka murɗa ki a P ka ji shiru alhali batir na da wuta, taka birki ka kai N ka gwada, sau da yawa sai ta tashi, suwic ɗin ne ya fara gajiya ko wayar sandar ta goce. In ta mutu maka a tsakiyar titi da N za a tura ta gefe. Babba kuma, in totur ya maƙale mota na ta ƙara gudu, ko kafet ya danne fedal, N za ka tura ka taka birki ka gangara gefe sannan ka kashe. Kar ka fara kashe ki tana gudu, sitiyari zai yi nauyi birki ya ƙame.

Zongo_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Nan ma wasu direbobin kashe injin suke gaba ɗaya a gangara wai tattalin mai. Ka je Suame Magazine, unguwar makanikai a nan Kumasi, ka tambayi masu gyaran giya su faɗa maka. Famfon da ke zagaya man giya inji ne ke juya shi, inji ya mutu famfo ya tsaya, ƙarafa na juyawa a bushe. Wanda ya taɓa saukowa daga dutsen Kwahu zuwa Nkawkaw ya san ba wajen wasa bane.

Bakanike_Panteka:
Wannan dalilin ne yasa ba a jan atomatik da igiya tafiya mai nisa. Ɗan matsar da ita daga titi zuwa gefe ko zuwa garejin da ke nan kusa a hankali a N ba laifi, amma ace daga Kaduna zuwa Zariya tayoyin da ke ja suna ƙasa, ka je gyaran famfon fetur ka dawo da sayen giyabos. A kira janwe ya ɗaga gaban ko a ɗora ta gaba ɗaya. Kuma ba a tashinta da turi, kar ku wahalar da yaran unguwa, batir za a nemo.

Hajjaju_Gwarinpa:
Wannan ya tuna min, ƙanwata ta taɓa maƙalewa a kasuwar Wuse sandar ta ƙi fita daga P sam, mota na tashi lafiya amma giya ta ƙi motsi. Wani bakanike a wajen yace giyabos ne sai an sauke.

RewayaKofarRuwa:
Inna lillahi, sauke giyabos akan wannan? Hajiya mafi yawa suwic ɗin wutar birki ne ko fiyus ɗinsa. Motar bata sakin sandar sai ta san an taka birki, kuma da suwic ɗin da ke kunna jar wutar baya take sani. In haka ta faru a sa wani ya tsaya a baya a taka birki, in wuta bata kawo ba an kama ɓarawo. Kafin a gyara kuma kusa da sandar akwai ɗan murfi ƙarami ko botin an rubuta SHIFT LOCK, a ɓalle murfin a danna da ki ko sukundireba ana take da birki, sandar za ta fito a kai N a tada mota. A dai tuna ana tafiya ba wutar birki, kai tsaye wajen rewaya za a nufa.

Hajjaju_Gwarinpa:
Haka kuwa aka yi daga baya, wani dattijo mai tasi ne ya zo ya danna mata wajen.

Baffa_406:
Ku dawo kan maganar firi, ni ban gama ba. Ɗana yana da wata Passat sabuwa-sabuwa, in ya ɗaga ƙafa a babban titi allurar inji faɗowa take sulo da kanta motar na ta tafiya, shi yace haka aka yi ta don tattalin mai. To in Jamusawa sun yarda firi na rage mai ku su waye?

Malam_Fizis:
😂 Baffa ka kawo hujja mai ƙarfi. Gaskiya ne akwai sabbin motoci masu yin haka, Volkswagen da BMW da Marsandi duk suna da shi. Amma kwamfuta ce take yi, kana taɓa birki ko totur ta mayar da giya kafin ka ƙifta ido. An gina giyabos ɗin don haka. Na Abba kuma hannunsa ne zai mayar, yana kan 90 ya dawo da ita D giyar ta nemi inda za ta kama, in wata akuya ta shigo ko tirela ta taho yana buƙatar wuta a sakan ɗin nan sai ya taka totur ya ji ihu kawai.

Baffa_406:
To ka dai yarda akwai ragi.

Malam_Fizis:
A wani wajen akwai, ɗan kaɗan. A doguwar gangara babu, asara ce ma.

DirebanJos:
Baffa in kana son mu rabu lafiya zo mu je Mambila, daga Mayo Selbe mu hau mu sauko, kai a firi ni a 2, amma kowa a motarsa. Maganar birki ba wasa bace, man birki DOT 3 sabo sai zafi ya kai wajen digiri 205 yake tafasa, amma in ya tsufa ya sha danshi yana iya saukowa wajen 140, kuma waye a cikinmu yake canza man birki in ba yoyo ya yi ba? Yana tafasa fedal ya zama soso.

Yar_Gombe:
Sannunku, na karanta tun daga sama amma tawa daban ce. Camry 2013 ce babu 2 babu L babu botin, daga D sai ka tura gefe S da alamar + da -. In na tura sai lamba 4 ta fito a dashbod. Mijin yayata yace na tsere ne kar in taɓa.

EOD_Zariya:
Ba na tsere bane Anti, aikin 2 da L ɗin ne aka mayar can. Lambar da kike gani iyaka ce, 4 na nufin ba za ta wuce huɗu ba cikin shidan da take da su. Ki ja wajen - ta koma 3, ki ƙara ta koma 2, daidai da abinda DirebanJos yake yi a Hawan Kibo. In gudunki yayi yawa ƙin sauka za ta yi ta yi miki ƙara tit tit. Kar dai ki manta ta a S4 ki kama hanyar Bauchi, mai za ki sha.

Bagobiri77:
Mai Prius kuma B garai, shi ma na gangara ne ba na baya ba. Na ga wanda ya sa B yana waiwaye yana jiran ta yi ribas.

AbbanDorayi:
Oga Panteka tambaya ta ƙarshe, ina cikin tafiya zan iya ja daga D zuwa 2 ko sai na tsaya? Sannan wajen obatekin sai na saukar da ita da hannu kamar manuwal?

Bakanike_Panteka:
Ba sai ka tsaya ba, tsakanin D da 2 da L ana canzawa ana tafiya, rage gudu kawai za ka yi tukun, 2 in ka sauko kamar 50 ko 60, L kuma sai kana tafiyar da bata fi ta keke ba. P da R ne sai mota ta tsaya CIK, ba irin na masu ribas suna jefa D tana kan komawa baya ba. Obatekin kuma taka totur ɗin har ƙasa da kanta za ta sauke giya ta ja. In kana bayan tirela a hawa kana jin ta shiga huɗu ta fita ta shiga ta fita, nan ne wajen botin ɗinka, danna shi ta zauna a uku, ka wuce ka kashe. Ƙafar hagu kuma tunda daga manuwal ka zo ka naɗe ta gefe, kar ta je neman kuloch ta samu birki.

RewayaKofarRuwa:
Ƙari ɗaya, in ka ga O/D OFF ɗin tana ƙiftawa da kanta baka taɓa ba wannan ba iyaka bace ƙorafi ne, giyar ta ajiye kod a je a saka kwamfuta. A Honda D ko D4 ce take ƙiftawa.

Ummu_Hanan:
Oga Panteka na gwada yanzu da na dawo daga islamiyyar yara, na bi yadda kace ban jira gobe ba, na sake tadawa na cire ta daga P ba GAM ko kaɗan. Sai dai fedal ɗin hambirkin yana tafiya har ƙasa kafin ya kama, haka yake ko shima sai an duba?

Bakanike_Panteka:
A ɗaure wayar Anti, aikin minti kaɗan ne, in an buɗe a duba takalman birkin na cikin dram ɗin baya ma ko sun cinye.